Ko Ka Sani? Abin da Ke Nannaɗe Hanjin Ɗan Tsako Cikin Ƙwai

Kwana 21 ɗan tsako ke yi cikin ƙwai, kuma a wannan ɗan lokaci ne farin ɗigon nan da ke saman gwaiduwa yake zama halitta mai fiffike da zuciya da hanji. Abubuwa biyu ke tafiyar da aikin: saƙon sinadarai da ƙwayoyin halitta ke aika wa juna, da kuma ja da matsi tsakanin sassan jikin da ke girma.

Aikin sinadari ya fi fitowa fili a fiffike. A gefen baya na tohon fiffiken akwai ƙwayoyin da ke fitar da wani furotin mai suna Sonic hedgehog. Kusa da su yana da yawa, nesa da su yana raguwa, kuma yawansa ne ke tantance wane yatsa zai fito a ina. A 1968 John Saunders da Mary Gasseling sun ɗebi ƙwayoyin suka dasa a gefen gaba na wani toho, sai fiffiken ya fito da yatsu sahu biyu, ɗaya kishiyar ɗaya. Sai a 1993 aka gano furotin ɗin.

Labarin hanji ya fi ban mamaki. Duk mai gyaran kaza ya san yadda yake a nannaɗe, alhali miƙaƙƙen bututu ne tun farko. Wani siririn tantani ke riƙe da shi a jikin bayan ɗan tsakon, kuma hanjin ya fi tantanin saurin tsawo. Tunda ba halin rabuwa, dole hanjin ya lanƙwashe, kamar yadda yadi ke tattarewa idan tela ya ɗinka masa roba a jaye. A 2011 masana a Jami'ar Harvard da ke Amurka, ciki har da Clifford Tabin da L. Mahadevan, sun raba hanjin da tantanin da wuƙa: hanjin ya warware, tantanin ya tsuke. Suka ɗinka bututun roba a jikin shimfiɗar roba da aka ja, da suka saki sai ga irin naɗin hanjin kaza. Lissafinsu ya kuma dace da hanjin ɓera.

Duk da haka sinadari na da hannu a nan ma: wani furotin mai suna BMP ne ke taƙaita girman tantanin, kuma idan aka rage aikinsa, naɗin hanjin yakan ragu.