Rubutun Fim a Ƙasar Hausa: Fasaharsa da Kasuwarsa

1.0 Gabatarwa

Rubutun fim wani reshe ne na rubutaccen wasan kwaikwayo, sai dai ba don a karanta ake yin sa ba, don a ɗauka a nuna ne. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana cewa zubi da tsarin wannan rubutu a ƙasar Hausa suna bin hanyar da ake sayar da fim ne, haka ma darajar marubucinsa.

2.0 Yadda Rubutun Yake

Marubucin ƙagaggen labari yana da ikon shiga zuciyar tauraronsa ya faɗi abin da ke cikinta. Marubucin fim kuwa ba shi da wannan dama, domin abin da ido zai gani da wanda kunne zai ji su kaɗai yake rubutawa. Don haka yakan kasa labari fitowa fitowa, a kan kowace ya nuna wuri, da lokaci, watau dare ne ko rana, sa'an nan aikin 'yan wasa da maganganunsu. Bisa al'ada ana ƙiyasta shafi guda a kan minti guda na kallo.

3.0 Daga Littafi zuwa Kaset

Tushen wannan sana'a littafi ne. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, daga nan marubutan littattafan soyayya suka shigo. An yi fim da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1994, da Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu a 1998. Haka nan an ɗauki Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa, wadda garinta yake maƙwabtaka da Faskari a kudancin Jihar Katsina. A wannan zango labari shi ne jari, tun da masu kallo sun riga sun san shi a littafi.

4.0 Zamanin 'Yan Kasuwa

Bayan fitowar Sangaya a 1999, waƙa da rawa suka zama abin da ke sayar da kaset. Dillalan Ƙofar Wambai da na Bata a Kano suka sami ta cewa a kan irin labarin da za a ɗauka da 'yan wasan da za a saka. Sau da yawa taƙaitaccen bayani kurum ake tafiya da shi wurin ɗauka, 'yan wasa su ƙirƙiro magana nan take, kamar yadda aka saba a wasannin dandali. Marubuci kuwa sau ɗaya akan sallame shi, ko fim ya yi kasuwa ko ya faɗi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

5.0 Zamanin Wasa Mai Dogon Zango

Satar fasaha da wayar hannu suka durƙusar da kasuwar faifai. Tashar Arewa24, wadda aka buɗe a 2014, ta kawo Daɗin Kowa a 2015 da Kwana Casa'in a 2019, sa'an nan Labarina da Izzar So suka fito a 2020. Labarin da zai shekara ana nuna shi mako mako ba ya yiwuwa da ka. Dole a rubuta shi, a tsare halin kowane tauraro, a rufe kowane kashi da abin da zai dawo da mai kallo. Ta haka buƙatar marubuci ta dawo, kuma matashin da ke Ƙanƙara yana iya aika rubutunsa Kano ta waya ba tare da ya taka ƙafa ba.

6.0 Kammalawa

Abin da ya rage shi ne haƙƙi. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, kamar ta 1988 da ta gabace ta, ba ta amince da sallama haƙƙin mallaka ba sai a rubuce. Amma cinikin labari ya fi gudana a kan amana da fatar baki. Muddin marubuci bai riƙe takardar yarjejeniya da kwafin aikinsa ba, shi zai yi asarar rabonsa, manazarta kuma su rasa matanin da za su dogara da shi wajen nazarin wannan sashe na adabin Hausa.