Akwatin feshin yashi mai zuƙa

Akwatin feshin yashi mai zuƙa na'ura ce da ake amfani da ita a gareji da masana'antu domin cire tsatsa, tsohon fenti da dauɗar da ta kama jikin ƙarfe kafin a yi masa fenti ko walda. Akwati ne rufaffe mai tagar gilashi da safar hannu biyu na roba a manne a jikinsa. Ma'aikaci yana tsayawa a waje, ya zura hannuwansa cikin safar, ya riƙe wata bindigar iska da ke feso ƙananan ƙwayoyi masu kaifi a kan abin da ake gyarawa. Ana kiransa mai zuƙa ne saboda iskar da ke wucewa ta cikin bindigar ita ce take zuƙo ƙwayoyin daga gindin akwatin. Duk da sunansa, yashin rafi ba ya cikin abubuwan da ya halatta a zuba masa, saboda cutar huhu da ƙurarsa ke haddasawa.

Tarihi

Benjamin Chew Tilghman, wani Ba'amurke ɗan birnin Philadelphia, shi ne ya yi rajistar fasahar feshin yashi a shekarar 1870. Da farko an fi amfani da ita wajen yin zane a kan gilashi da dutse, daga baya ta shiga masana'antun ƙarfe na Amurka da Ingila. Ba a jima ba aka lura cewa masu wannan aiki suna kamuwa da cutar huhu cikin 'yan shekaru. A 1949 Birtaniya ta haramta feshi da yashi mai silika, kuma a 1974 cibiyar NIOSH ta Amurka ta ba da shawarar a daina amfani da duk ƙwayoyin da silikarsu ta wuce kashi 1 cikin 100. Turkiyya ma ta hana feshin yashi a kan wandunan jins a 2009, bayan matasa da dama masu wannan aiki sun kamu da cutar.

Yadda yake aiki

Tiyo biyu ne ke shiga bindigar. Ɗaya yana kawo iska daga kwamfaresa, ɗayan kuma yana nutse a cikin ƙwayoyin da ke gindin akwatin. A cikin bindigar akwai wata 'yar ƙaramar kafa da iska ke fitowa ta cikinta da gudu. Idan iska ta ƙara gudu a matsattsen wuri, matsinta yana raguwa, sai ƙwayoyin su taso ta tiyo na biyu su haɗu da ita, su fita ta nozul. Wannan ƙa'ida tana ɗauke da sunan Giovanni Battista Venturi, masanin kimiyya ɗan Italiya da ya yi bayaninta a 1797, kuma da ita kafiretar babur take jawo mai. Ƙwayoyin da suka bugi ƙarfe suna gangarawa gindin akwatin, wanda aka yi shi kamar mazurari, a sake zuƙo su.

Akwai wani nau'in da ake kira mai matsi, wanda ake ɗura ƙwayoyin a cikin tukunya rufaffiya, iska ta tunkuɗo su kai tsaye. Mai matsi ya fi sauri, sau uku zuwa huɗu a mafi yawan ayyuka, amma ya fi tsada, ya fi cin nozul da tiyo, kuma dole a riƙa tsayawa ana sake cika tukunyar. Mai zuƙa ya fi arha da sauƙin gyara, yana aiki ba tsayawa, sai dai ba ya iya ɗaga ƙwayoyin ƙarfe masu nauyi sosai, kuma yana jan lokaci a kan fenti mai kauri ko tsatsar da ta ci ƙarfe.

Abubuwan da ake dubawa wajen zaɓe

Abu na farko shi ne iska. Mutane da yawa suna fara duba girman akwatin da kuɗinsa, alhali kwamfaresa ce ke yanke hukuncin ko zai yi aiki. Abin da ake aunawa shi ne litar iska nawa take bayarwa a minti ɗaya, ba girman tankinta ba. Bindiga mai kafar iska ta milimita 3.2 tana shan kimanin lita 600 a minti a matsin ba 5.5, wato tana buƙatar kwamfaresa mai ƙarfin doki 5 ko fiye. Ƙaramar kwamfaresa mai ƙarfin doki 2 da tankin lita 50, irin wadda ake hura taya da ita, ba ta bayar da ko rabin haka, don haka matsinta zai faɗi kafin rabin minti. Idan aka ninka faɗin kafar iska sau biyu, iskar da za ta sha tana ninkuwa sau huɗu.

Na biyu shi ne ƙura. Akwati mai kyau yana da injin janye ƙura mai filta, wanda ke sa matsin ciki ya yi ƙasa da na waje kaɗan, ta yadda ko da akwai 'yar kafa iska ce za ta shiga, ƙura ba za ta fito ba. Wasu suna da na'urar da ke raba ƙwayoyi masu kyau da waɗanda suka farfashe. Idan babu waɗannan, ma'aikaci ba ya ganin aikinsa ta gilashi, kuma gareji duka yana shaƙar abin da ke ciki.

Na uku shi ne girma. Ana auna abu mafi girma da za a riƙa sakawa, a ƙara wurin juya shi da wurin ɗaga bindiga, sannan a duba faɗin ƙofa da nauyin da ragar ciki za ta iya ɗauka.

Na huɗu shi ne kayan da ke ƙarewa: nozul, safar hannu, gilashi da filta. Nozul na tangaran yana da arha amma yana cinyewa da wuri. Na tangistan kabaid ya fi daɗewa, na boron kabaid kuma ya fi su duka. Injin da babu kayan gyaransa a kusa yakan zama wurin ajiye tsumma.

Ƙwayoyin feshi

Aluminiyam oksaid yana da kaifi da tauri, yana kai 9 a ma'aunin Mohs, kuma yana barin kaushin da fenti ke kamawa. Ƙwayoyin gilashi masu zagaye suna wanke aluminiyam ba tare da cin jikinsa sosai ba. Ganet yana tsakiya, ɓawon goron walnat da roba kuma na kayan da ba a so su ƙarzu ne. Ma'aunin ISO 8501-1 ya kasa tsaftar ƙarfe zuwa Sa 1, Sa 2, Sa 2½ da Sa 3, kuma Sa 2½ ne aka fi nema ga ƙarfen da zai zauna a ruwa. Ƙarfen da aka fesa yana saurin sake tsatsa, don haka ana yi masa fentin farko a ranar. Kayan inji masu hanyar mai da mazaunin boris ana toshe su kafin feshi, a wanke su sosai bayansa, domin ƙwaya kaɗan da ta saura tana iya cinye inji.

A yankin Talata Mafara, Bakura da Maradun

Waɗannan ƙananan hukumomi uku na Jihar Zamfara su ne ke cin gajiyar madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a kan Kogin Sakkwato a 1978 domin noman rani na kimanin hekta 23,000. Noman rani yana tafiya ne da ƙarfen da ke haɗuwa da ruwa: injinan ban ruwa, bawul, ƙofofin magudanai, garmar tarakta da injinan casar shinkafa. Ƙananan sassansu, tare da kayan babura da janareta, su ne irin aikin da akwati mai zuƙa ya dace da shi. Manyan ƙofofin ruwa ba sa shiga akwati, sai injin mai matsi da ake kaiwa wurin aiki.

Yanayin yankin yana shafar zaɓe. Wutar Najeriya bolt 230 ce a hez 50, don haka injin janye ƙura da aka ƙera wa Amurka, inda ake amfani da bolt 120 a hez 60, ba ya aiki kai tsaye. Manyan kwamfaresoshi da yawa suna buƙatar wuta mai layi uku, kuma motarsu tana jan wuta ninkin-ba-ninkin a lokacin tashi, abin da ke sa ƙaramin janareta ya kasa ɗaukarta. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, ruwa yana taruwa a tankin kwamfaresa, ya jiƙa ƙwayoyi su dunƙule su toshe tiyo. Maganinsa shi ne matarar ruwa a layin iska da kuma tsiyaye tanki kullum. Da hunturu kuma bushewar iska tana sa akwatin ya riƙa tartsatsi a hannu idan ba a haɗa shi da wayar ƙasa ba.

Illa ga lafiya

Yashin rafi yana da yawa kuma yana da arha a wannan yanki, amma mafi yawansa silika ne. Idan ya bugi ƙarfe yana farfashewa ya zama ƙurar da ido ba ya gani, ta shiga can cikin huhu ta bar tabo. Cutar ana kiranta silikosis. Ba ta warkewa, tana iya ci gaba ko da mutum ya bar aikin, kuma tana ƙara haɗarin kamuwa da tarin fuka. Takunkumin yadi ba ya tare irin wannan ƙura.

Tsohon fenti ma yana iya ƙunsar dalma. Zamfara ta ga illar ƙurar dalma a 2010, lokacin da niƙan duwatsun zinare a cikin gidaje ya yi sanadin mutuwar yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Saboda haka ana zazzage filta ne da takunkumi na musamman, a ɗaure ƙurar a leda, a hana yara da 'yan koyo wasa da ita, kuma ba a komawa gida da kayan aiki a jiki.