Sai da Ruwan Ciki Ake Jan na Rijiya: Darasin Asibitin Aravind

Idan yana ta rufe idon dattijo a ƙauye, mutum biyu ne ke barin aikinsu. Shi dattijon ya bar gona, ya bar kasuwa, ya koma zaman zaure. Sannan a ciro yaro ɗaya daga makaranta a miƙa masa bakin sanda, ya zama ɗan jagora. Abin takaicin shi ne cire yanar ido aiki ne da ƙwararren likita ke gamawa kafin a dafa tukunyar shinkafa, kuma washegari mai ido ya ga fuskar jikokinsa. Maganin yana nan tun da daɗewa. Kuɗin da za a biya da hanyar da za a bi a isa wurinsa su ne suka gagara.

Wannan matsala ce ta hana wani likita a kudancin Indiya barci, kuma yadda ya ɓullo mata ya zama misali mafi kyau da na sani na abin da ake kira kasuwanci mai manufa, wato sana'ar da aka kafa domin toshe wata kafa a cikin al'umma, aka kuma tsara ta yadda za ta ci da kanta.

Sunansa Govindappa Venkataswamy, amma kowa Dakta V yake ce masa. An haife shi a 1918 a wani ƙauye na yankin Tamil Nadu. Burinsa na farko shi ne ya zama likitan haihuwa, sai wani mugun ciwon gaɓoɓi ya kama shi yana ɗan shekara talatin, ya kwantar da shi tsawon lokaci, ya kuma lanƙwashe masa yatsu har ƙarshen rayuwarsa. Ya sake layi zuwa aikin ido, ya koya wa waɗannan yatsun riƙe wuƙar tiyata, har ya yi aikin ido sama da 100,000 da hannunsa. A 1976 ya yi ritaya daga aikin gwamnati yana da shekara 58. Lokacin da tsaransa ke neman kujerar hutawa, shi sai ya jinginar da gidansa, ya jawo ƙannensa da surukansa, suka buɗe ɗan asibiti mai gado 11 a birnin Madurai. Ya raɗa masa Aravind, sunan malaminsa na ruhi, Sri Aurobindo.

Abin da ya riƙa ba mutane dariya shi ne inda ya ce ya samo darasi: shagunan abincin McDonald's na Amurka. Ya lura cewa kamfanin yana iya ɗaukar matasa a kowace ƙasa, ya koya musu aiki, su fitar da abinci iri ɗaya, mai ɗanɗano ɗaya, a farashi mai sauƙi, sau miliyoyi. Sai ya tambayi kansa me zai hana a yi wa aikin ido irin wannan tsari.

A nan ne ya kamata mu tsaya mu duba da kyau, domin sirrin yana cikin ɗakin tiyata. A yawancin asibitoci likita kan yi aiki ɗaya, ya jira a fitar da mara lafiya, a share ɗaki, a shigo da wani, a shirya shi. Rabin yininsa jira ne. A Aravind ana ajiye gado biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, da madubin tiyata guda a tsakiya wanda ake juyawa. Likita yana aiki a kan wannan, ma'aikatan jinya suna shirya wancan. Yana gamawa sai ya juya, ya tarar da ido a shirye, kayan aiki a tsabtace. Ba ya auna gani, ba ya cike takarda, ba ya lallashin mai jin tsoro. Duk waɗannan akwai masu yin su, kuma akasarinsu 'yan mata ne daga ƙauyukan yankin, waɗanda suka gama sakandare, asibitin ya ɗauke su ya horar da su shekara biyu. Da wannan tsari likitan Aravind kan yi aiki wajen 2,000 a shekara, alhali takwarorinsa a sauran asibitocin ƙasar 'yan ɗaruruwa suke yi. Albashin likita, kuɗin gini da tsadar na'ura ba su canza ba, amma an raba su a kan mutane da yawa, sai kuɗin kowane aiki ya faɗo ƙasa.

Sai batun biya. Asibitin yana da ɓangaren masu biya da ɓangaren kyauta, kuma mara lafiya ne ke zaɓar ƙofar da zai shiga. Ba a tambayarsa takardar shaidar talauci, ba a sa shi ya tsuguna ya kwance wa wani ma'aikaci sirrin gidansa. Mai hali yana biyan ɗaki na musamman, da gado, da na'urar sanyaya ɗaki idan yana so. Mara hali ya kwana a babban ɗaki tare da jama'a. Amma likitocin da ke aiki a nan su ne ke aiki a can, domin ana karɓa-karɓa ne, kuma albashi suke ɗauka, ba lada a kan kowane kai ba. Kusan rabin ayyukan da ake yi kyauta ne ko a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Rarar da aka samu daga masu biya ita ke ɗaukar nauyin sauran, ta kuma gina sababbin rassa: Theni a 1985, Tirunelveli a 1988, Coimbatore a 1997, Pondicherry a 2003, da wasu bayansu. A yau ana yin aikin ido sama da rabin miliyan a shekara a waɗannan asibitoci.

Mu kan ce araha ba ta ado. Dakta V ya san cewa da zarar masu kuɗi sun yi zargin aikin na banza ne, za su gudu, kuma in sun gudu ɓangaren kyauta ya mutu. Haka nan yawan talakawan da ke zuwa shi ne ke goge hannun likitocin har su zama gwanaye, gwanintar kuma ita ke jawo masu kuɗi. Kowane ɓangare yana riƙe da ɗan'uwansa. Wannan ne ya sa nake ganin kuskure ne a kira abin da Aravind ke yi sadaka kawai. Sadaka tana da ladanta, kuma ba mai raina ta, amma tana tsayawa ranar da aljihun mai bayarwa ya bushe.

Akwai lokacin da tsarin ya kusa tonuwa. A shekarun 1980 aikin yana ya samu ci gaba: bayan an cire yanar sai a dasa ɗan ƙaramin gilashin roba a cikin idon, mutum ya gani tangaram. Sai dai gilashin daga ƙasashen Yamma ake shigo da shi, kowane ɗaya a kan dala gommai, wani har ɗari. Masu biya suna samun dashe. Talakawa kuwa a cire musu yana a ba su tabarau mai kauri kamar gindin kwalba, wanda in ya fashe ko ya ɓata mutum ya koma gidan jiya. Wato a ƙarƙashin rufi ɗaya an samu aikin masu kuɗi da aikin talakawa. Da riba kaɗai ake nema, babu abin gyara a nan, domin kowa ya samu gwargwadon kuɗinsa. Mutanen Aravind kuwa sai suka ga manufar ce ta tsage. A 1992 suka kafa masana'antarsu mai suna Aurolab, da taimakon wasu ƙungiyoyin agaji na ƙetare, suka fara ƙera gilashin da kansu. Farashi ya sauko zuwa wajen dala 10, daga baya ya gangaro har kusan dala 2. Yanzu masana'antar tana sayar da kayanta a ƙasashe fiye da ɗari, ciki har da na Afirka, kuma sauƙin da ta kawo ya shafi asibitocin da ba su taɓa jin sunan Dakta V ba.

A ganina wannan ita ce ma'aunin da za a riƙa gwada duk mai cewa kasuwancinsa na al'umma ne. A duba abin da ya yi ranar da riba ta ja gabas, manufa ta ja yamma.

Ba kowa ya yarda da wannan tunani ba, kuma masu ja suna da hujja. A 1970 masanin tattalin arzikin Amurka Milton Friedman ya rubuta wata maƙala da ta yi suna a mujallar jaridar New York Times, inda ya ce nauyin da ke kan kamfani shi ne ya ƙara ribarsa cikin bin doka, domin kuɗin na masu hannun jari ne, kuma manajan da ya yi kyauta da su ya yi kyauta da abin da ba nasa ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma ta nuna inda gizo ke saƙa: wa ya mallaki rarar? Aravind ya tsira daga wannan rikici ne saboda mallakarsa tana hannun wata amintacciyar gidauniya, babu masu hannun jarin da ke jiran rabo a ƙarshen shekara. Yana aiki kamar ɗan kasuwa, yana lissafi kamar ɗan kasuwa, amma abin da ya saura cikin aikin yake komawa. Wanda ya san wakafi ba zai ga baƙon abu a nan ba. Tun da Sayyidina Usman ɗan Affan ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar ta ga jama'a, Musulmi suka san dukiyar da ake tsare asalinta, amfaninta ya riƙa gudana.

Inda ba a warware batun mallaka ba, labarin kan sha bamban. A wannan shekarar ta 1976 da Dakta V ya buɗe asibitinsa, wani malamin jami'a a Bangladesh, Muhammad Yunus, ya ranta wa mutum 42 a ƙauyen Jobra kuɗin da jimillarsu dala 27 ce, don ya raba su da masu ba da bashi da ruwa mai shaƙe wuya. Daga nan bankin Grameen ya samo asali, kuma a 2006 aka ba Yunus da bankin kyautar Nobel ta zaman lafiya. Duniya ta rungumi tsarin ƙaramin rance. To amma a 2007 wani bankin ƙaramin rance a Meziko, Compartamos, wanda ya faro a matsayin ƙungiyar taimako, ya sayar da hannun jarinsa a kasuwa, waɗanda suka zuba jari tun farko suka kwashi dukiya mai yawa, alhali ruwan da matan da ke cin bashin ke biya ya kusa kashi 100 cikin ɗari a shekara. Yunus da kansa ya fito ya soki lamarin. A 2010 kuma jihar Andhra Pradesh ta Indiya ta yi dokar gaggawa don taka wa kamfanonin ƙaramin rance burki, bayan koke-koke kan matsin da masu karɓar bashi ke yi wa talakawa. Duk waɗannan kamfanoni da sunan talaka suke tashi da kwanciya. (Abin lura ga mai jin Hausa: kalmar da muke kiran halastacciyar riba da ita, a Larabci sunan kuɗin ruwa ne da aka haramta. Tazarar da ke tsakanin biyun a wasu lokuta ba ta fi wannan ba.)

Shi ma Aravind bai kamata a mayar da shi tatsuniya ba. Aikin yana ya dace da irin wannan tsari domin kusan iri ɗaya ne a kowane ido, gajere ne, kuma sau ɗaya ake yi a gama. Ciwon suga ko ciwon daji ba za su shiga wannan layi cikin sauƙi ba. Tamil Nadu kuma yanki ne mai cunkoson jama'a da hanyoyin mota, ga iyali guda da suka yarda suka yi shekaru suna aikin safe da dare a kan albashi kaɗan. Wanda ya kwafi gado biyu da madubi ɗaya, bai samu irin waɗannan mutane ba, ya kwafi riga ne ya bar mai ita.

Duk da haka mutanen Aravind ba su ɓoye dabarar ba, wanda shi ma abin mamaki ne a kasuwa. Sun buɗe cibiyar horarwa mai suna LAICO, inda suke koya wa ɗaruruwan asibitoci daga Asiya da Afirka da Latin Amurka yadda za su tsara aikinsu, har da waɗanda za su iya zama abokan gogayyarsu. Hannunsu ya iso Najeriya ma, domin asibitin ido na Gidauniyar Tulsi Chanrai da ke Abuja da haɗin gwiwarsu aka kafa shi. Buƙatar kuwa a bayyane take: binciken makanta na ƙasa da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa yana ita ce kan gaba wajen makantar da mutane a Najeriya, kuma mafi yawan makantar da aka tarar irin wadda ake iya karewa ko warkarwa ce.

Wani abu da ya faru a ƙarshen shekarun 1990 ya fi komai nuna halin gidan. Aravind ya daɗe yana tura ma'aikata ƙauyuka su kafa sansanin duba ido, a tantance masu buƙatar aiki, a kwaso su a mota zuwa asibiti, a ba su abinci da makwanci, a yi musu aiki, a mayar da su gida, duk ba ko anini. Ana ta yabo. Sai suka sa aka yi bincike a kan kansu, aka gano cewa cikin mutanen da ke buƙatar kulawar ido a waɗannan yankuna, kashi 7 cikin ɗari kacal ne ke zuwa sansanin. Ashe kyauta ma tana da tsada ga wanda in bai fita aiki yau ba gidansa ba za a ɗora tukunya ba. Ga tsoron wuƙa, ga rashin mai rakiya, ga sansanin da ke zuwa sau ɗaya a shekara, wataƙila ranar da ake girbi.

Kamfanin da ke neman suna zai iya jefa wannan rahoto a durowa, tun da hotunan sansanin suna da kyau. Su kuwa daga 2004 suka fara buɗe ƙananan cibiyoyin duba ido na dindindin a garuruwan karkara. Kowace cibiya ma'aikaciya horarriya ce ke riƙe da ita, ta auna gani, ta ba da tabarau, in lamarin ya fi ƙarfinta ta haɗa mara lafiya da likitan da ke babban asibiti ta intanet, su ga juna a allon kwamfuta. Dakta V ya rasu a watan Yulin 2006, lokacin cibiyoyin ba su wuce 'yan ƙalilan ba. Yanzu sun haura ɗari.