Matuƙi Ya Fi Jirgi Wuyar Samu

Duk sa'ad da 'yan bindiga suka matsa, roƙon mutanen Dareta da sauran ƙauyukan Anka, Gummi da Bukkuyum a Zamfara ɗaya ne: a ƙaro jiragen yaƙi. Suna da gaskiya, sai dai matuƙi ya fi jirgi wuyar samu. A Yulin 2021 aka harbo jirgin Alpha Jet a Zamfara, matuƙinsa Abayomi Dairo ya diro da lema ya tsira. Jirgi kuɗi ke kawo shi, kamar Super Tucano 12 da aka sayo daga Amurka, ƙwarewa kuwa sai an shekara ana gumi. Misali, a Yaƙin Duniya na Biyu Japan ta bar gwanayen matuƙanta a fagen daga har suka ƙare, Amurka kuwa tana mayar da nata gida su horar da sababbi. Sakamakon haka, a Yunin 1944, a tekun Filifin, manyan jiragen ruwan Japan masu dakon jiragen sama suka rasa ɗaruruwan jirage cikin kwana biyu.

Wani zai ce jirage marasa matuƙi sun raba gardama. Ina! Mutum ne dai zai bambance ɗan bindiga da ɗan sa-kai, kuma rashin bambancewar ne ya ci rayuka a harin sama na Tungar Kara a Janairun 2025.