Sassan Tsiro da Haɗa Abinci da Hasken Rana: Matsalar Kalmomi a Darasin Kimiyya

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yara da harshen uwa. Wannan maƙala za ta dubi darasi ɗaya, wato sassan tsiro da yadda yake samun abinci, domin nuna inda Hausa ta wadata da kuma inda ake buƙatar hattara.

Ta fuskar sunaye Hausa ba ta da giɓi: akwai saiwa da kara da reshe da ganye da fure da iri. Sai dai rabon manomi ya bambanta da na masanin tsirrai. A wurin manomi duk abin da aka tono daga ƙasa saiwa ne, alhali a kimiyyance rogo saiwa ne, citta da dankalin Turawa kara ne, albasa kuwa ganyaye ne masu kauri. Haka nan gara a keɓe "saiwa" ga wannan sashe, tunda "jijiya" tana kuma nufin hanyar jini.

Babbar matsalar tana ga kalmar "abinci". An saba cewa taki abincin shuka ne, saboda haka ɗalibi kan ɗauka daga ƙasa tsiro yake ci. Gwajin van Helmont, wanda aka buga a 1648, ya raunana wannan zato: itacen da ya dasa a tukunya ya ƙaru da fiye da kilo 70 cikin shekara 5, ƙasar kuwa abin da ta ragu bai kai giram 60 ba. A 1779 Ingenhousz ya nuna cewa sai da haske koren ganye ke fitar da iskar da muke rayuwa da ita.

Abin da ke faruwa shi ne, saiwa ta tsotso ruwa, kara ya kai shi ganye, iskar kabon ta shiga ta ƙananan ƙofofin ganyen. Daga nan koren sinadarin da ake kira kulorofil ya kama hasken rana, a haɗa sukari, a saki iskar oksijin. Rarar sukarin ita ce rake ke tarawa a kara, rogo kuma a saiwa bayan ta zama sitaci.

Kalmar "fotosintesis" daga Girkanci take, ma'anarta haɗawa da haske. Don haka "haɗa abinci da hasken rana" ta fi aron dacewa a firamare, domin tana ɗauke da bayaninta. Taki kuwa a kira shi "sinadaran ƙasa", a bar "abinci" ga abin da ganye ya haɗa.