Wuta ba ta kashe gubar fumfuna

Saƙon murya ne na minti uku, kuma sau huɗu ya shigo WhatsApp ɗin danginmu cikin mako guda. Wani mai lallausar murya yana cewa gyada ko masarar da ta yi fumfuna ba a zubar da ita: a wanke da ruwan gishiri, a shanya, a soya, wuta za ta cinye cutar. Bai faɗi sunansa ba, bai faɗi inda ya karanta ba, ya dai ce a tura wa 'yan uwa don lada.

Ƙananan maganganunsa ba sa son dogon bayani. Takin zamani ba shi ke kawo fumfuna ba, danshi da zafi ne. Madara ba ta wanke guba daga ciki. Inda ya yi gaskiya shi ne shanya, amma tana aiki ne kafin fumfuna ta kama.

Batun suyar nan ne ya hana ni barci. Fumfunar da ake tsoro, Aspergillus flavus, a ƙasa take zaune. Tun a gona take shiga gyada, musamman in fari ya zo gab da cira ko ƙwari suka huda kwanso, sannan ta yaɗu a buhu tana zuba guba mai suna afalatoksin. Wuta na kashe fumfunar, gubar kuwa tana nan. Ruwa na tafasa a digiri 100, ita ba ta rushewa sai zafi ya haura 230. Suya na rage wani kaso, wannan gaskiya ne, amma ba ta mayar da ruɓaɓɓiyar gyada abin ci.

A 2004, a gabashin Kenya, mutum 317 suka kwanta bayan cin masara mai wannan guba, 125 suka rasu. Tun 1960 aka gano gubar, da talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila saboda tunkuzar gyada daga Barazil. Mu a nan abin tsoron shi ne ɗan kaɗan na kullum, a kunu, a miya, wanda ke cin hanta a hankali har ya kai ga sankara, balle ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Ba kowace fumfuna ke da wannan guba ba, sai dai ido ba ya bambancewa.

Ban ga laifin gwaggona da ta gaskata saƙon ba. Buhun gyadarta ya taso daga Garwa a bushe, ya sauka kasuwar Mokolo cikin ruwan Oktoba, ya kwana a kan siminti a unguwar Briketeri, ƙasansa ya yi kore. Jarinta ke nan. Da na ce mata, "Gwaggo, wannan ba na ci ba ne," sai ta ce in biya ta. Mai saƙon ba shi da buhu ko ɗaya da zai yi asara.

Abin da ke rage gubar sosai shi ne tsincewa da hannu: masu kore, masu baƙi, motsattsu da fasassu duk a fitar. Buhu ya hau katako, nesa da bango. Ga manoma kuma akwai Aflasafe na cibiyar IITA ta Ibadan, da ake watsawa a gona mako biyu zuwa uku kafin fure. Waɗanda aka tsince aka fitar kada su koma ƙuli-ƙulin yajin tsire, kada kuma a zuba wa saniya, domin gubar na fitowa a nononta.