Ɗan Cin Rani da Ƙofar Jakada

Tsarnawa gari ne na mararraba. Titin da ya taso daga Yamai ya ratsa Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, a Tsarnawa yake rabuwa biyu: ɗaya ya miƙe gabas ta Galmi da Madawa har Maraɗi, ɗaya ya yi arewa ta Badagishiri zuwa Tawa. Daga Ƙonni kuwa 'yar tafiya ce mutum ya tsallaka Illelar Sakkwato, wadda baƙo kan rikita ta da Illelar Adar, mazaunin Sarkin Adar. Garin da ke zaune a irin wannan wuri ya saba da bankwana. Da an gama kaka an zuba hatsi a rumbu, samari sai su ɗaure kaya. Wasu Abijan, wasu Legas ko Kwatano ko Akra, masu ƙarfin hali kuma su bi ta Agadas su nufi Libiya da Aljeriya. Jahar Tawa ta daɗe da yin suna a wannan fita, har ya zama da wuya ka shiga gida a ƙasar Adar ka rasa wanda yake waje ko wanda bai daɗe da dawowa ba.

A can suna shayi, suna gadi, suna dako, suna kasa gwanjo, suna tura ruwa a kura. A Abijan, abincin garin rogo da soyayyen kifi da talakan birnin ke karyawa da shi, garba ake ce masa, kuma 'yan Nijar ne suka yi fice wajen sayar da shi. Abin da suke turowa gida ta Nita ko Al Izza shi ke cike giɓin rumbu idan damina ta yi gardama, shi ke sayen irin albasa da man injin ban-ruwa, shi ke biyan sadaki. To amma ranar da wannan saurayi ya shiga hannun 'yan sanda, ko ya kwanta ciwo, ko aka rushe kasuwar da yake kasa kaya, wa yake nema?

A rubuce dai amsar a fili take. Nijar tana da ofishin jakadanci a Abuja da ƙaramin ofishi a Kano, tana da ofisoshin jakadanci a Abijan da Akra da Kwatano, tana da ƙaramin ofishi a Jidda. Ma'aikatar harkokin waje ma a cikin sunanta an ambaci 'yan Nijar mazauna ƙetare, ga kuma majalisar ƙoli ta mazauna ƙetaren, wato HCNE, mai rassa a ƙasashe daban-daban. A aikace kuwa, ɗan Tsarnawa da ya sauka a tashar Ajame a Abijan ba lambar jakada ce a aljihunsa ba. Lambar wani yayansa ce, ko ta maigidan da mutanen garinsu ke sauka wurinsa.

Wannan tsari ya girmi kowane ofishin jakadanci a Afirka ta Yamma. Tun zamanin fatake masu zuwa Gwanja saro goro a Salaga, Bahaushe ya san cewa baƙo ba ya zama a gari sai da mai masauki. Daga nan zanguna suka tsiro: Zangon Kumasi, Sabon Zango a Akra, Sabo a Badun da aka kafa a 1916, Agege a Legas. Sarkin zango ko sarkin Hausawa shi ne ke tsaya wa baƙo a gaban mahukuntan gari. Maigida ya ba shi wurin shimfiɗa tabarma, ya yi masa lamuni a ba shi kaya bashi, ya adana masa kuɗinsa. In rigima ta tashi tsakanin 'yan gari ɗaya, a zaure ake kashe ta kafin ta kai caji ofis. In mutum ya cika, kafin azahar an haɗa kuɗin likkafani, an sanar da gida. Yau an ƙara da ƙungiyoyin 'yan gari, kowace da asusunta da dandalinta na WhatsApp, inda saƙon murya ɗaya ke tara gudummawar asibiti cikin yini. Duk aikin da littafi ya ce na ƙaramin jakada ne, waɗannan mutane suna yin fiye da rabinsa, ba albashi.

Abu ɗaya ne ya gagare su: takarda. Sarkin zango ba shi da hatimin da ɗan sandan wata ƙasa zai gani ya sara. Kuma tarihi ya sha nuna cewa ranar da ƙasar da ake baƙunta ta juya baya, takarda ake tambaya. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su fice, aka kwaso mutanen da wasunsu a zango aka yanke musu cibi. A Janairun 1983 Najeriya ta Shagari ta yi irin tata korar, duk da yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979 da ƙasashen CEDEAO, wadda 'yan Najeriya ke kira ECOWAS, suka sa wa hannu. Kodebuwa ta ƙirƙiro katin zama na baƙi a 1990, ya zama abin tatsar talaka a kowane shingen hanya, har zuwa 2007 da Laurent Gbagbo ya soke shi ga 'yan ƙasashen ƙungiyar. Sai 2011, shekarar da rikicin zaɓen Kodebuwa da yaƙin Libiya suka haɗu, dubun dubatar 'yan Nijar suka dawo gida, da yawa hannu rabbana, jahar Tawa kuwa tana cikin waɗanda suka fi jin jiki.

Shi ya sa ƙaramin katin nan da ofishin jakadanci ke bai wa ɗan ƙasa da ya yi rajista, wanda mutane ke kira kart konsilar, ya fi duk wata liyafar ranar 3 ga Agusta ko 18 ga Disamba da jakada zai shirya. Shi ne shaidar cewa wata hukuma ta san da zamanka. Yarjejeniyar Biyana ta 1963 ta ba wanda aka kama a ƙasar waje damar a sanar da ofishin ƙasarsa, a kuma ziyarce shi. Amma wanda ba ya cikin littafi, ko an sanar, sai an fara da binciken ko shi wane ne.

Me ke hana mutane yin katin? Ba taurin kai ba ne. Ofis yana babban birni, mai shayi yana San Pedro ko Buwake. Zuwa da dawowa kuɗin mota ne da asarar ciniki. Ana neman takardar haihuwa, alhali da yawa daga cikin waɗanda aka haifa a ƙauye ba a yi musu ita ba, sai an koma gida an bi ta kotu. Takardun cikewa da Faransanci suke, mai cikewar kuwa karatun allo ya yi. Ga kuma tsohuwar ɗabi'ar talaka, wadda ban ga laifinsa a kanta ba: inda duk ya ga tuta da mai gadi, ya fi son ya ratse ta ɗaya gefen titi.

Saboda haka ni a ganina ma'aunin ofishin jakadanci mai aiki guda ɗaya ne: yana fita, ko yana jira a zo? Wanda ke fita yakan ɗauki na'urar hoto da hatimi ya tafi garuruwan da jama'arsa suke, ya sauka a ƙofar shugaban 'yan ƙasa, a yi shela a masallaci bayan Juma'a, a yi wa mutane kati a inda suke. Yana magana da Hausa da Zabarmanci da Buzanci, ba sai an nemo tafinta ba. Ya san gidajen yarin da 'yan ƙasarsa suke. Ya san cewa dattijon da ya shekara talatin a Abobo ta Abijan ya fi shi sanin wane kwamishinan 'yan sanda ake iya yi wa magana. Haɗarin da ke ciki shi ne ofis ya mai da shugabannin ƙungiyoyi 'yan amshin shatansa, ko siyasar gida ta biyo mutane har zango ta raba su gida biyu. Idan shugabancin 'yan ƙasa ya zama kujerar da ake nema don kusantar gwamnati, mai tura kura ya rasa wakili ke nan sau biyu.

Gwamnatocin Yamai ba su jahilci nauyin waɗannan mutane ba. Har laƙabin jaha ta tara aka ba su, aka ware musu kujeru 5 cikin 171 na majalisar dokoki a zaɓen 2016. A 2020 ba su yi zaɓe ba, aka ce annobar korona ta hana yi musu rajista. Sai a watan Yunin 2023 aka cike kujerun, bayan 'yan makonni sojoji suka karɓi mulki ranar 26 ga Yuli, majalisar ta tafi da kujerunta. Da aka kafa asusun ceton ƙasa a watan Oktoban wannan shekara, mazauna ƙetare suna cikin waɗanda aka yi kira gare su, kuma sun bayar. Ba laifi ba ne ƙasa ta nemi ƙuri'ar ɗanta ko gudummawarsa. Sai dai ɗan ma yana lissafi: sau nawa aka zo nemansa, sau nawa kuma aka zo duba shi.

Batun zumunci tsakanin ƙasa da ƙasa kuwa, mutanen Ƙonni da Tsarnawa ba a rediyo suke jin sa ba, a farashin buhu suke ganin sa. Iyakar Nijar da Najeriya ta kai kusan kilomita 1,500, kuma tun 1971 ƙasashen biyu suke da hukumar haɗin gwiwa mai mazauni a Yamai. Duk da haka an rufe iyakar daga 1984 zuwa 1986, a tsakiyar fari, har mutane suka raɗa wa yunwar lokacin suna El-Buhari. An sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Na 2023 ya fi muni, don ya haɗa da yanke wutar lantarki da barazanar yaƙi. Albasar Galmi, wadda Tsarnawa ke da babbar cibiyar cinikinta, kaya ce da ba ta jira. Motoci suka yi cirko-cirko a kan iyakoki, ta yi tsada a Akra, ta ruɓe a hannun mai ita.

Abin lura a wannan rikici shi ne waɗanda suka iya magana lokacin da jakadu suka yi shiru. A farkon Agustan 2023 sabbin mahukuntan Yamai suka sallami jakadunsu na Najeriya da Togo da Faransa da Amurka. Wa CEDEAO ta tura Yamai? Janar Abdulsalami Abubakar tare da Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar. Ranar 9 ga wata Muhammadu Sanusi na Biyu ya gana da jagoran sojojin, Janar Abdurrahman Tiani, Sarkin Damagaram yana tare da shi. Bayan kwana uku ayarin malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau ya isa Yamai, aka zauna aka yi magana da Hausa. Ba su suka warware rikicin ba, amma sun sami ƙofa a buɗe. Rawani da carbi suka shiga inda kwat ta kasa, kuma wannan shi ne tsarin zango, an ɗaga shi zuwa fadar shugaban ƙasa. An ɗage takunkumin CEDEAO a Fabrairun 2024, iyakar ta buɗe a Maris. A Disamban 2024 aka sake musayar zargi tsakanin Nijar da Najeriya, a Afrilun 2025 ministan harkokin wajen Najeriya Yusuf Tuggar ya je Yamai ya zauna da takwaransa Bakary Yaou Sangaré. A duk tsawon wannan kai-komo, auren Ƙonni da Gwadabawar Sakkwato bai tsaya ba, kasuwar Illela ma ba ta daina ci ba.

A arewa lamarin ya fi ɗaci, don can babu sarkin da zai tsaya wa kowa. Shekara da shekaru Aljeriya tana kwaso baƙi ta zube su a kan iyaka, su taka kimanin kilomita 15 cikin rairayi zuwa Assamaka. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙidaya fiye da mutum 30,000 a 2024 kaɗai, 'yan Nijar da 'yan wasu ƙasashe. A Afrilun 2025, bayan Aljeriya ta harbo jirgin Mali maras matuƙi a Tinzawatan, Nijar da Mali da Burkina Faso suka janye jakadunsu daga Aljeriya. Motocin korar ba su tsaya ba. Janye jakada saƙo ne tsakanin manya, amma magini ɗan Adar da ke tsare a Tamanrasat, shi a wurinsa an rage masu zuwa tambayar lafiyarsa ne.

Tun ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar ta fita daga CEDEAO, ta kama sabon fasfo na ƙawancen AES da ya haɗa ta da Mali da Burkina Faso. CEDEAO ta ce 'yan ƙasashen uku za su ci gaba da shiga da zama ba biza, kuma za a ci gaba da karɓar tsofaffin takardunsu, har zuwa lokacin da za a sanar da wani abu dabam. Ma'ana, abin da ɗan Tsarnawa ya shekara fiye da arba'in yana da shi a matsayin haƙƙi a Abijan da Legas da Akra, yanzu alfarma ce da ake iya janyewa da sanarwa guda. In har za a mai da ita haƙƙi kuma, sai an zauna an rubuta, ko da ƙungiyar baki ɗaya ko ƙasa bayan ƙasa, kuma wannan zama ba sarkin zango ake gayyata ba, jakada ake kira. Abin da zai faɗa a teburin ya dogara da ko ya san mutum nawa yake wakilta, a wane gari suke, da wace sana'a suke ci.